Lokutan Tsawa da Walƙiya a Yammacin Kano: Tarihin Saninsu a Ƙasar Gwarzo da Kabo

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa yin damina a ƙauyukan da ke tsakanin Kabo da Gwarzo ya san cewa tsawa ba ta zuwa kara zube. Tana da watanninta a cikin shekara, tana da sa'o'inta a cikin yini, tana kuma da kusurwar da ta saba ɓullowa. Manomin da ke noman firi a watan Yuni, in ya ga gabas ta yi baƙi bayan la'asar, iska kuma ta tsaya cik, ba ya jira a ce masa ya saɓi fartanya ya nufi gida. Wannan sani ya girmi ma'aunin ruwan sama da Turawa suka kafa a Kano nesa ba kusa ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda aka san lokutan tsawa a wannan yanki cikin zamuna uku, watau zamanin Maguzanci, da zamanin lissafin malamai, da kuma zamanin awo da na'ura. Abin da za a nuna shi ne, waɗannan zamuna sun saɓa wa juna ƙwarai game da abin da ke haddasa tsawa, amma bakinsu ya zo ɗaya game da lokacin da take zuwa. Wannan daidaituwa kuwa tana da muhimmanci, domin sanin lokacin shi ne abin da ke raba manomi ko makiyayi da halaka.

2.0 Ƙasar da Hadarinta

Gwarzo tana yamma da birnin Kano da kimanin kilomita 70, a kan hanyar da ta wuce zuwa Dayi da Malumfashi a Jihar Katsina. Ƙasar Kabo tana tsakanin Gwarzo da birni. Yanki ne na fili mai ɗan tudu, wanda ake noma dawa da gero da gyaɗa da masara da auduga a cikinsa, ga kuma itatuwa irin su ɗorawa da tsamiya da kuka da gawo da kaɗanya tsaitsaye ɗai-ɗai a cikin gonaki. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan siffa ta fili da itatuwa ɗai-ɗai, domin za a komo kanta a gaba.

Daga watan Nuwamba zuwa Maris kusan ba a jin tsawa ko kaɗan a nan, saboda busasshiyar iskar arewa maso gabas ce ke mulkin sararin sama. Daga Afrilu iska mai laima daga tekun Atilantika takan fara turowa arewa, tana kutsawa ƙarƙashin busasshiyar. Iyakar da ke tsakanin iskokin nan biyu takan yi ta matsawa arewa har ta kai wajen digiri 20 a watan Agusta, sa'an nan ta juyo. Kano da Gwarzo suna wajen digiri 12. Saboda haka iyakar nan takan ratsa su sau biyu a shekara, da tafiyarta da dawowarta, kuma abin da ke tsakanin ratsawa biyun shi ne damina.

Hadarin farkon damina ya fi kowane fushi. Dalili kuwa shi ne, a watannin Afrilu da Mayu ƙasa ta gasu, zafi yakan haura digiri 40, laimar da ta iso ba ta yi kauri ba, samanta kuma busasshiyar iska ce. Idan gajimare ya tashi a irin wannan hali, ruwan da ya fara zubowa yakan ƙafe tun bai iso ƙasa ba, ya sanyaya iskar da ke kewaye da shi, ita kuma ta rufto da ƙarfi ta bazu. Ita ce iskar nan mai sanyi da ƙura da ke riga ruwa isowa, mai kwashe jinka da kwanon rufi. A tsakiyar damina kuwa, lokacin marka, ranakun da ake jin tsawa sun fi yawa, amma sau da yawa ruwan yakan zo da natsuwa, ya daɗe yana zuba, ana jin cida daga nesa. Idan aka shiga agajeri, wajen ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, zafi yakan dawo, hadari ya sake yin kaushi, har a kai ga wanda ba ya kawo komai sai iska da ƙura.

3.0 Shaidar Harshe

Harshe shi ne kundin farko da ya adana wannan sani. Bahaushe ya bambanta walƙiya, watau hasken, da tsawa, watau ƙarar. Ya bambanta cida da rugugi, waɗanda ake ji daga nesa, da kwarankwatsa, wadda ke fashewa bisa kan mutum. Ita kalmar kwarankwatsa kwaikwayon ƙarar ce kanta. Sa'an nan ga aradu, wadda a bakin mutane ita ce abin da ke faɗowa ya tsaga itace ko ya kashe rai, ko da yake akan ce "tsawa ta faɗa masa" da wannan ma'ana.

Kalmar aradu tana da tarihi mai ban sha'awa. Daga Larabci aka aro ta, daga ar-ra'adu, tare da harafin ma'arifa da wasalin ƙarshe, kamar yadda aka aro arziki da asuba da annabi. Amma a Larabci ra'adu ƙarar ce kawai, hasken shi ne barƙu, abin da ke faɗowa kuwa sa'iƙa ake ce masa. Ke nan da kalmar ta shigo Hausa sai ta tarar da tsawa ta riga ta riƙe ma'anar ƙara, saboda haka ta karkata zuwa ma'anar abin da ke faɗowa.

Karin magana ma ya riƙe lokutan. "Watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama" yana nuni ne ga lissafin manoma wanda ke somawa daga bayan kaka, watansa na bakwai kuma ya faɗo wajen Mayu. Alamar da ake nufi ta haɗa da walƙiyar da ake hangowa da dare can nesa ba tare da an ji ƙararta ba, da gawo da ke fara kaɗe ganyensa sa'ad da sauran itatuwa ke tofo. A ɗaya ƙarshen kuma akwai "holoƙo hadarin kaka", wanda ake yi wa mai yawan barazana ba cikawa. Wanda ya fara faɗin wannan magana ya lura da cewa hadarin ƙarshen damina yakan haɗu ya yi baƙi, ya tayar da ƙura, ya watse ba ko ɗigo. Haka nan gargaɗin da ake yi na kada ganin hadari ya sa mutum wanka da kashi, ya fito ne daga bakin mutanen da suka sha ganin hadarin bazara ya haɗu ya baje.

Gine-gine ma shaida ne. Maginan gargajiya sun san bangon gabas shi ne ke fara zaizayewa, don haka shi ake fi yi wa yaɓe, a wasu gidaje har a jingina masa zana kafin damina. Duk wannan domin an san daga gabas ruwa mai iska yake bugowa.

4.0 Aradu a Zamanin Maguzanci

Yammacin Kano da kudancin Katsina suna cikin wuraren da Maguzawa suka fi daɗewa riƙe da al'adunsu har cikin ƙarni na 20. Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya kuma wallafa littafinsa kan tasirin Musulunci a addininsu a 1946. Murray Last ya zauna da na ƙasar Malumfashi, maƙwabtan Gwarzo ta yamma, daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1970. Daga irin waɗannan ayyuka, da kuma abin da ya saura a bakin mutane, ana iya gane matsayin tsawa a wancan tunani.

A wurin Bamaguje aradu alƙali ce. Ba ta faɗa wa mutum haka kawai, sai maƙaryaci ko ɓarawo ko wanda ya ci amana. Shi ya sa rantsuwa da ita ta fi kowace nauyi, kuma har yau akan ji "Aradu!" ko "Kwarankwatsa dubu!" a bakin wanda bai san asalin maganar ba. Abin lura a nan shi ne, wannan rantsuwa tana da kaka da rani. Wanda ya rantse da aradu a watan Janairu ya san ba abin da zai same shi a ranar, amma ya san damina tana tafe, kuma duk walƙiyar da za a yi daga watan bakwai zuwa agajeri da fargaba zai gan ta. Ƙarfin rantsuwar ya dogara ne ga tabbacin da kowa ke da shi cewa lokacin tsawa ba ya saɓa alkawari. Wani abin lura kuma shi ne, kalmar da Bamaguje ke yin babbar rantsuwarsa da ita ta Larabci ce, wanda ke nuna irin daɗewar cuɗanyar da ke tsakaninsa da Musulmi.

An ɗauka cewa aradu tana faɗowa da wani ɗan dutse mai kaifi wanda ake kira gatarin aradu. Manoma sukan tsinci irin waɗannan duwatsu a gona, musamman bayan ruwa mai ƙarfi ya wanke ƙasa. Masu binciken kayan tarihi sun tabbatar da cewa gatura ne na dutse waɗanda mutanen da suka gabata suka sassaƙa suka goge tun kafin ƙarfe ya yaɗu. Dalilin da ya sa aka danganta su da tsawa a fili yake, tun da bayan hadari ne zaizayar ƙasa ke tono su. Ba Hausawa kaɗai suka yi wannan fassara ba. Yarabawa suna danganta irin duwatsun da Sango, mutanen karkarar Turai ma sun daɗe suna kiransu duwatsun tsawa. A ƙasar Hausa maƙera ne aka sani da sha'anin aradu, kasancewarsu ma'abota wuta da ƙarfe, kuma an yi imani cewa wutar da ta tayar ba ta mutuwa sai da nono. Bakan gizo kuma, wanda ake kira masha-ruwa, an ɗauke shi mai shanye hadari. A nan ma akwai lura ta gaskiya a ƙarƙashin fassarar, domin bakan gizo yana bayyana ne a kusurwar da ke fuskantar rana, galibi sa'ad da ruwa ya tsagaita ko gajimare ya fara yagewa.

5.0 Lissafin Malamai

Tarihin Kano ya nuna Musulunci ya shigo fada a zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, ta hannun Wangarawa. Da shigowarsa fassarar tsawa ta sake. Sura ta 13 a Alƙur'ani sunanta Ra'ad, kuma a cikinta an ambaci walƙiya a matsayin abin tsoro da kwaɗayi, an kuma ambaci tasbihin tsawa. Tafsirin Jalalaini, wanda malaman ƙasar Hausa suka fi karantarwa, ya bayyana Ra'ad da cewa mala'ika ne da aka wakilta ga gajimare yana kora shi. Da wannan aradu ta tashi daga matsayin alƙali mai zaman kansa ta koma baiwa mai bin umarni, rantsuwa da ita kuma ta zama abin da malamai ke hani da shi.

Sai dai gudummawar malamai mafi girma ga wannan batu ita ce lissafi. Shekarar Hijira ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, saboda haka watanninta suna zagaya damina da rani, ba su da amfani ga mai neman ranar shuka. Domin cike wannan giɓi malamai suka riƙi watannin Ajam, waɗanda suka iso ta Magrib, da kuma manzilolin taurari 28. Kowace manzila tana da kwana 13, in ban da Jabha mai 14, jimla kwana 365. An raba su bakwai-bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari. Taurarin damina, bisa lissafin da ya fi yaɗuwa, su ne Haƙ'a da Han'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha da Harsan, suna somawa wajen ƙarshen Mayu su ƙare wajen ƙarshen Agusta. Kafin su akwai Surayya da Dabaran a ƙarshen bazara, bayansu kuma Sarfa ce ke buɗe kaka. An zuba wannan lissafi cikin waƙoƙin ajami domin sauƙin hadda, kuma Mervyn Hiskett ya yi magana a kan irin waɗannan waƙoƙi a littafinsa na 1975 kan tarihin waƙoƙin Musulunci na Hausa.

Sunayen nan daga ƙasar Larabawa suka zo, inda yanayin shekara ya sha bamban da na nan. Aikin da malaman ƙasar Hausa suka yi shi ne ɗora su a kan daminar ƙasarsu. Idan aka auna lissafin da abin da aka bayyana a sashe na 2.0, za a ga hadari mai iska da ƙura yana faɗowa ne a ƙarshen taurarin bazara da farkon na damina, marka tana faɗowa wajen Jabha, hadarin agajeri da holoƙo kuma suna cikin taurarin kaka. Surayya ita ce tarin taurarin da manomi ke kira Kaza da 'Ya'yanta, wadda ɓacewarta daga yamma da almuru ke shaida masa cewa ruwa ya kusa. A nan lissafin malami da idon manomi suka haɗu. Malamin ƙauye shi ake tambaya wace tauraruwa ake ciki, kafin a yanke shawarar yin binne ko a jira ruwan shuka, shi ne kuma ke jan mutane zuwa roƙon ruwa idan fari ya tsananta.

Lissafin yana da rauninsa. Watannin Ajam suna bin tsohuwar kalandar Rumawa, wadda tun daga shekarar 1900 take bayan kalandar da gwamnati ke aiki da ita da kwana 13. Bayan haka tauraruwa tana faɗin lokacin da aka saba samun ruwa ne, ba ta faɗin abin da zai faru a shekarar da ake ciki. A 1913 taurari sun shiga sun fita kamar kullum, ruwa bai zo ba, aka yi yunwar da Kanawa ke kira Kakalaba.

6.0 Zamanin Awo

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, kuma daga 1905 aka fara ajiye lissafin ruwan sama a birnin, wanda ya zama ɗaya daga cikin mafi tsawo a wannan sashe na Afirka. Da farko yawan ruwa ne abin damuwarsu, saboda haraji da gyaɗa da auduga. Zuwan jirgin sama ne ya tilasta musu kula da sa'ar hadari. Jiragen farko sun sauka Kano a Nuwamban 1925, jigilar fasinja da wasiƙu ta hanyar Hartum ta fara a 1936, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma Kano ta zama zango a hanyar da ake bi da jiragen yaƙi daga Takoradi zuwa Masar. Matuƙi yana bukatar ya san ƙarfe nawa hadari zai iso, kuma daga ina.

A 1945 Hamilton da Archbold suka wallafa bayaninsu kan yanayin Nijeriya da maƙwabtanta, inda suka siffanta hadarin nan da ke jeruwa kamar sahu daga arewa zuwa kudu yana tafiya yamma. Eldridge ya faɗaɗa binciken a 1957. A 1985 J. B. Omotosho ya rarrabe kason da irin wannan hadari mai sahu, da hadarin wuri guda, da ruwan marka ke bayarwa cikin ruwan Nijeriya. Abin da aka gano shi ne, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas a tsayin kilomita 3 zuwa 4 a sama, ita ce ke kora hadarin zuwa yamma da gudun kimanin kilomita 50 zuwa 60 a sa'a, ko da yake iskar da ke ƙasa daga kudu maso yamma take zuwa. Wannan ya warware abin da maginin gargajiya ya sani da ido: laima daga kudu take zuwa, amma duka daga gabas yake. An kuma gano cewa akwai wani kaɗawar iska da ke ratsa yankin duk bayan kwana 3 zuwa 5, wanda ya sa ruwa ke zuwa yana hutawa.

An sayi wannan sani da tsada. Ranar 24 ga Yuni, 1956, bayan ƙarfe biyar na yamma kaɗan, wani jirgin fasinja na kamfanin BOAC ya tashi daga filin jirgin saman Kano sa'ad da hadari ke gabansa. Iskar da ke ruftowa daga gajimare ta danne shi, ya bugi itace ya faɗi, mutum 32 daga cikin 45 suka rasu. Watan da sa'ar da abin ya faru, watau Yuni da la'asar sakaliya, su ne daidai lokacin da manomin Kabo ke barin gona.

Game da yadda tsawa ke samuwa, tun gwajin Benjamin Franklin na 1752 aka san walƙiya lantarki ce. Gajimaren hadari a ƙasashe masu zafi yakan yi tsawo har ya wuce kilomita 15, samansa kuma sanyi ne mai daskarar da ruwa. Gogayyar ƙananan ƙanƙara da manya a cikin iska mai hawa ita ke raba lantarkin gida biyu, har ya yi yawa ya fashe. Hanyar da ya bi takan yi zafin da ya kai kusan digiri 30,000, iska ta buɗe farat ɗaya, wannan buɗewa ita ce ƙarar. Ke nan gwargwadon ƙarfin hawan iska, gwargwadon yawan walƙiya, shi ya sa hadarin da ya tashi daga ƙasa mai zafi ya fi walƙiya.

7.0 Sa'ar Hadari

A cikin yini akwai lokuta biyu da aka fi samun tsawa a wannan yanki. Na farko shi ne daga bayan azahar zuwa almuru. Rana tana gasa ƙasa tun hantsi, iska mai zafi tana hawa, gajimare yana taruwa, kafin la'asar ya nuna. Wannan shi ne hadarin da aka haifa kusa. Hadarin da ya bugi birnin Kano da la'asar, in ya ci gaba da tafiyarsa da gudun da aka ambata, zai iso ƙasar Kabo cikin ƙasa da sa'a guda, ya kai Gwarzo bayan sa'a guda da 'yan mintoci.

Na biyu shi ne hadarin dare, wanda baƙo ne daga nesa. Irin wannan yakan tashi da yamma a kan tuddai da duwatsun da ke gabas, ya kama hanya, ya kwana yana tafiya. Daga duwatsun Mandara da ke iyakar Nijeriya da Kamaru zuwa Gwarzo ya ɗara kilomita 600. Hadarin da ya tashi can da la'asar, in bai mutu a hanya ba, sai talatainin dare ko gab da asuba zai iso. An tabbatar da irin wannan tsari a Yamai, inda ruwan damina ya fi sauka tsakanin tsakar dare da safiya saboda hadarin da ke isowa daga gabas. Ana iya hangen walƙiya da dare daga nisan da ya wuce kilomita 100, alhali ƙarar tsawa ba ta cika wuce kilomita 15 zuwa 20 ba. Wannan shi ne bayanin walƙiyar da ake gani a gabas bayan lisha shiru ba ƙara, sai can cikin dare iska ta tashi mutane.

Tauraron ɗan Adam ya ba da damar kwatanta wannan tsari da na sauran duniya. Na'urar da ta yi ta ƙirga walƙiya daga sama tsakanin 1997 da 2015 ta nuna cewa wurin da ya fi ko'ina walƙiya shi ne tafkin Marakaibo a Benezuwela, inda ake samun kimanin walƙiya 233 a kowace murabba'in kilomita a shekara, ana kuma yin hadari kusan dare 297. Na biyu shi ne Kabare a gabashin Kwango, da kimanin 205. A Marakaibo hadarin na dare ne, domin iska mai sanyi tana gangarowa daga duwatsun da suka kewaye tafkin ta tarar da ruwa mai ɗumi, ya fi yawa wajen Satumba da Oktoba, ya yi sauƙi a Janairu da Fabrairu. A can hadarin yana tsaye wuri guda, a yammacin Kano kuwa matafiyi ne, kuma watanni biyar kacal yake yi. Amma ƙa'idar ɗaya ce: siffar ƙasa da zafin rana su ke yanka wa tsawa lokaci.

Tsakanin lokutan biyu, na la'asar ya fi haɗari ga rai. Hadarin dare yana tarar da mutane a ɗaka. Na la'asar kuwa yana tarar da su a fili, a watannin shuka da noman firi da maimai, mafaka mafi kusa kuma ita ce ɗorawa ko tsamiyar da ke tsaye ita kaɗai a tsakiyar gona, wadda ita ce abin da tsawa ta fi nema. Shanu sun fi mutum shiga haɗari, saboda lantarkin da ya bazu a ƙasa yana shiga ta ƙafafun gaba ya fita ta na baya, shi ya sa tsawa ɗaya kan kashe garke da ya taru a gindin itace. Daga cikin hane-hanen da aka gada, hanin fakewa a gindin itace da na tsayawa a fili suna da tushe. Tsoron jan tufafi ba shi da shi. Ƙara tana tafiyar kilomita guda cikin daƙiƙa uku, don haka mai ƙirgawa tsakanin haske da ƙara zai san nisan hadari, kuma duk wanda ke jin ƙarar yana cikin inda tsawa za ta iya kaiwa.

8.0 Kammalawa

Daminar yammacin Kano ba ta tsaya yadda take ba. An yi farin 1973 da na 1984, sa'an nan ruwa ya fara dawowa, amma da wata siffa. Binciken da Christopher Taylor da abokan aikinsa suka wallafa a 2017 ya nuna cewa hadari mafi tsanani a yankin Sahel ya ninka sau uku tun daga 1982. A Disamban 2022 an harba wani tauraron ɗan Adam na Turai mai ɗauke da na'urar da ke kallon walƙiyar Afirka dare da rana. Hukumar kula da yanayi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 2003, tana fitar da hasashen damina kowace shekara. Sai dai galibin wannan sani da Ingilishi ake tattara shi, kuma dogon lissafin da ake da shi na birnin Kano ne, alhali hadari yakan jiƙa Garo ya bar Getso.

A nan ne aikin masana harshe yake. Gargaɗin da zai isa ga makiyayi a dajin Kabo dole ya zo da kalmomin da ya sani, ya bambanta cida da kwarankwatsa, ya ambaci la'asar da almuru, ya kira hadarin agajeri da sunansa. Ɗalibai da yawa da ke shigowa jami'a a yau ba su iya kawo taurarin damina bakwai, wasu ma ba su taɓa jin kalmar holoƙo ba sai a cikin karin magana. Malaman da suka haddace lissafin manziloli da tsofaffin manoman da suka san alamomin watan bakwai suna nan a ƙauyukan Gwarzo da Kabo, amma suna raguwa. Ya kamata ɗaliban da ke neman batun digiri su je su ɗauki abin da ke bakinsu ƙauye-ƙauye, a jera shi kusa da lissafin ma'auni da na tauraron ɗan Adam, domin a ga inda suka dace da inda daminar yau ta kauce wa abin da magabata suka sani.